Baturen da Ya Tara Mini 'Yan Gaisuwa

Shekaru sun share mini abubuwa da yawa daga ƙwaƙwalwa, har da sunayen littattafan da na yi rantsuwa ba zan taɓa mantawa da su ba. Amma akwai wata Asabar guda a garin Greensboro, a farkon shekarun tamanin, wadda ko daga barci aka tashe ni zan zayyana ta tun daga hantsi har la'asar. Ita ce ranar da wani dattijon Bature ɗan ƙasar Ireland ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa a ƙofar ɗakina, yana taya ni karɓar gaisuwar rasuwar mahaifina.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar siyasa. Ina haya a unguwar Glenwood, a wani ɗan gidan katako mai baranda, ba nisa da jami'a. Gara in faɗi halina tun yanzu, kada wani ya riga ni. Ni mutum ne mai zurfin ciki, ga girman kai irin na ɗan bokon da aka cika yaba wa. Hausawan garin ba su da yawa, kuma duk a gidan wani dattijo suke taruwa, wanda kowa ke kira Alhaji, ma'aikaci a wani katafaren sito a kan titin Wendover. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka, Hajiyarsa kuma ta ciyar da ni tuwo har mako biyu. Da na sami wurin zama sai na ɗauke ƙafa. Aka yi suna, ban je ba. Aka yi walimar saukar karatu, na ce ina da aiki. Da aka aiko wa Alhaji cewa yayansa ya rasu a gida, mutane suka zauna da shi kwana uku, ni kuwa jarrabawa na gabana, sai na rubuta 'yar takardar ta'aziyya na ba wani ya kai masa. Tun daga nan, in mun haɗu a sallar Juma'a, sallamata kawai yake amsawa ya kau da kai.

Shi kuwa Baturen, Farfesa muke ce masa. Shekara ɗaya aka gayyato shi ya koyar, kuma shi aka ɗora wa duba rubutun bincikena. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a yammacin ƙasarsu, inda ya ce duwatsu sun fi ƙasar noma yawa. Shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a. Ya koyar da tarihi shekara da shekaru, sannan mutanen yankinsu suka tura shi majalisa, suka sake tura shi, har ya riƙe muƙamin ƙaramin minista. Daga nan aka yi wani zaɓe ya sha ƙasa, ya tattara ya koma aji. In ɗalibai suka tambaye shi abin da ya kayar da shi, sai ya yi dariya ya ce jama'a ce ta gaji da dogon turancinsa.

Siyasar dai ba ta fita daga jikinsa ba. Ba ya wuce mutum bai miƙa masa hannu ba. Ya san sunan matar da ke share ofisoshinmu, ya san jikarta na fama da asma. Ya taɓa ce mana a aji duk abin da ke cikin littattafanmu rabin siyasa ne, ɗaya rabin kuma a ƙofar gidajen mutane yake, domin a ƙasarsu mai neman ƙuri'a gida-gida yake bi, ya ƙwanƙwasa, ya tsaya cikin ruwan sama ya saurari kukan kowa. A raina na ce wannan ai aikin 'yan jagaliya ne, ba na masana ba. Na dai rubuta a littafi saboda kada ya fito a jarrabawa.

Wata Litinin na dawo daga aji na tarar da shuɗiyar wasiƙa a akwatina, da rubutun ƙanena a bayanta. A tsaye na karanta ta. Baba ya rasu. An yi jana'iza, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, sannan aka rubuto mini, wasiƙar kuma ta yi mako uku a hanya. Ya yi jinyar wata biyu, amma ya hana a sanar da ni, wai kada a ɗaga mini hankali ina tsakiyar karatu. Ni ne ɗansa na fari. Ban kama makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba. Da na lissafa ranar da aka binne shi, sai na ga ina ɗakin karatu ne a lokacin, ina ja wa maganar wani Bature layi a littafi.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma gaskiyar magana kunya ce ta rufe mini baki, domin wanda bai je wa mutane ba, da wane ido zai ce a zo masa? Kwana tara na yi a haka. In na buɗe littafi sai in ji kamar na zauna da wanda ya sace mini uba. A rana ta tara na yanke shawarar na bar karatun. Na je na karɓo takardar janyewa daga jami'a, na cike ta, saura sa hannun mai duba aikina.

Na same shi a ofis ranar Laraba da rana. Ya karanta takardar, ya ajiye, ya cire tabarau.

"Me ya faru, samari?"

"Babu komai, Farfesa. 'Yar matsala ce ta gida."

Ya tashi ya jona butar shayinsa, ya tsaya yana jiran ta tafasa kamar ba shi da wani aiki a duniya. Da ya miƙo mini kofi sai ya ce, "Na yi shekaru ina zama kowace Asabar jama'a na kawo mini koke. Wanda ya zo a kan maganar ramin titi, galibi ba ramin titin ne ya kawo shi ba. Ina da lokaci."

Ban san yadda aka yi ba, sai na ga na zaro wasiƙar daga aljihu ina fassara masa. Da na zo kan layin da ke cewa Baba ya rasu, sai na ajiye wasiƙar. Wannan ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakina.

Farfesa ya miƙe tsaye, ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa, ya zagayo tebur, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana da ya ce ita kowa ke faɗa a wurinsu, ma'anarta na taya ka jimamin abin da ya same ka. Sannan ya tambaye ni, "Su wa suka zo suka zauna da kai?"

Na ce babu kowa.

"Kwana tara?"

Na sunkuyar da kai. Sai ya ce in gaya masa yadda muke yi a gida. Na ce shimfiɗa ake yi a ƙofar gida, maza su zo su zauna, a yi wa mamaci addu'a, a ba masu rashi haƙuri. Na ce a garinmu ana kuma taruwa ranar arba'in, kuma da na duba, Asabar ɗin nan take cika. Ya ce to ai sai a sanar da mutanena. Nan fa na faɗa masa abin da ke tsakanina da Alhaji, da maganar 'yar takardar da na aika. Na lura fuskarsa ta sauya, ya daɗe yana kallon taga, amma a lokacin ban san dalili ba.

"A wurinku mai rashi ne ke yawon sanarwa da kansa?"

"A'a, aikawa ake yi."

"To ka sami ɗan aike." Ya ɗauki takardar janyewar ya jefa a aljihun tebur. "Wannan za ta kwana a nan har Litinin. In ka dawo Litinin kana nan a kan bakanka, zan sa hannu, ba zan ƙara ko kalma ba. Amma ba zan sa wa mutum hannu ba alhali ko gaisuwa ba a yi masa ba. Ina ne wurin aikin Alhajin?"

Na faɗa masa don dai in rabu da shi. Na tabbata babu inda za shi. Mutumin da ke zaune can Summerfield a gidan wani abokin aikinsa, tsakiyar gonakin dawakai, wanda in ya hau titi da tsohuwar motar da aka ara masa sai ta riƙa karkata hagu saboda hannun da suka saba bi a ƙasarsu, shi ne zai shiga cunkoson Wendover neman wani Bahaushe?

Ranar Asabar da hantsi na share baranda. Ba ni da tabarma, sai na shimfiɗa zanen gado da darduma ɗaya, na zauna ina jin kaina wawa. Can sai ga motar Farfesa ta tsaya, taya ɗaya a kan dakalin titi. Ya fito cikin baƙar kwat, riƙe da 'yar jakar takarda. Ya sake kama hannuna, sannan cikin girmamawa ya zaro abin da ke cikin jakar ya girke shi a tsakiyar shimfiɗa. Kwalbar wuski ce, sabuwa fil.

Kafin in haɗa kalmar da zan faɗa ba tare da na kunyata malamina ba, sai ga motar Alhaji ta kunno kai, wasu uku na biye da ita. Alhaji ya fito da babbar riga, ya taka matakala ta farko, ya yi sallama, idonsa ya sauka a kan kwalbar. Ya tsaya cak. Waɗanda ke bayansa ma suka tsaya. Na san abin da ake faɗa a kaina a garin, cewa yaron nan ya zama Bature, ga shi kuma ranar addu'ar ubana an tarar da barasa a kan shimfiɗa, kusa da darduma. Da Alhaji ya juya a lokacin, babu wanda zai ga laifinsa, kuma kowa zai bi shi ya juya.

Farfesa ya dubi Alhaji, ya dubi ni, ya dubi kwalbar. Na ga jini ya hau masa fuska har kunnuwa. Ya dafe goshi ya ce, "Wayyo ni. Alhaji, wannan ba nasa ba ne, nawa ne, yanzun nan na ajiye. A wurinmu ba a shiga gidan mutuwa hannu rabbana, kuma wannan muke kaiwa. Na karanta addininku a littafi, na san hukuncinsa sarai, amma da na ji an ce mutuwa sai hannuna ya riga kaina. Ku gafarce ni."

Alhaji ya matso. Sannan ya sunkuya ya ɗauki jakar takardar da ke gefe, ya buɗe bakinta ya miƙa wa Farfesa, shi kuma ya zura kwalbar ciki. "Mayar da ita mota, Farfesa," in ji shi. "Ai ba hannu rabbana ka zo ba. Dubi bayana."

Na duba. Mutane ne ke ta fitowa daga motoci, wasu na sauke tabarmi daga bayan mota, Hajiya da wasu mata biyu na ɗauke da kwanonin waina. Wasu ma ban taɓa ganinsu ba. Akwai wani ɗan Nijar da ke koyon aikin likitan dabbobi, da wasu 'yan Gana biyu, da wani Bayarabe Musulmi mai tuƙa tasi. Kafin azahar baranda ta cika har an malala kan ciyawa, maƙwabta na leƙe ta taga.

Alhaji ya zauna daf da ni, ya ce, "Ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Baba."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Allah ya kyautata namu zuwan."

Aka amsa da amin, aka shafa. Haka kowa ya riƙa matsowa yana faɗa mini kalmomin da na ji sau dubu ana faɗa wa wasu, ban taɓa sanin suna da nauyi ba sai ranar. Farfesa kuwa ya dawo daga mota, ya ga takalma jere a matakala, ya tuɓe nasa ya ajiye a layi. An kawo masa kujera ya ƙi. Ya zauna a ƙasa da gwiwoyinsa da ba sa lanƙwasuwa, in an ɗaga hannu ana addu'a sai ya sunkuyar da kai ya yi tsit.

Bayan an ci waina sai ya ce yana da roƙo. Ya ce a ƙasarsu ba a tashi daga zaman makoki sai an ba da labarin mamacin, don baƙi ma su san wanda suka zo dominsa. Wane irin mutum ne mahaifina? Alhaji ya gyaɗa kai ya ce in faɗa.

Na ce tela ne, yana da keken ɗinki na ƙafa a bakin kasuwa. Na ce bai iya karatun boko ba, amma yakan sa in karanta masa sakamakon jarrabawata sau biyu. Na ce a unguwarmu ba a taɓa yin jana'iza babu shi ba. Ko ana gobe Salla, ɗinki ya taru har rufi, in aka ce an yi rasuwa sai ya lulluɓe keken da ƙyalle ya ce ɗinki yana jira, gawa ba ta jira. Ina faɗar haka sai na ji abin da na faɗa. Na dubi Alhaji, na tuna 'yar takardata. Kukan da na riƙe kwana goma sha biyu ya ɓalle a gaban manya da ƙanana, ban iya tare shi ba.

Da na sami numfashi na ce wa Alhaji, "Baba, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yi kukanka."

Da la'asar mutane na naɗe tabarmi, Alhaji ya ja ni gefe ya nuna Farfesa da haɓa, wanda ke can yana bin kowa da musabaha yana maimaita sunansa. "Wannan malamin naka ba dama," in ji shi. "Ranar Alhamis ina tsakiyar aiki, muna lodi, sai shugaban aikinmu ya ce wani Bature na nemana. Na fito na gan shi riƙe da hula a hannu. Da ya faɗi abin da ke tafe da shi na ce masa yaron nan bai san mutane ba. Ka san abin da ya ce? Ya ce shi ma bai san su ba, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya ce ba don kai ya zo roƙo ba, don mahaifinka ya zo, wanda bai yi mini komai ba. Wallahi nan take na amince. Da na tashi aiki ya ce in raka shi gidan kowa. Na ce ai sai mu buga waya. Ya ce a'a, ƙofa ake ƙwanƙwasawa. Jiya ma bayan Juma'a haka muka wuni, ni ke tuƙi, don na ga in na bar shi zai kashe mu."

Ranar Litinin na koma ofis. Takardar na kan tebur, alƙalami a gefenta. Kafin in yi magana ya ce in zauna, akwai bashin amsa da ɗalibai ke binsa, ni zai biya.

Ya ce akwai wani manomi a mazaɓarsu, wanda tun zaɓen farko shi ke shiga gaba yana kai shi gida-gida, domin shi ya san kowace ƙofa da kowane kare. Bai taɓa neman komai a wurinsa ba. Ranar da mutumin ya mutu, Farfesa na shirin tafiya wata babbar jami'a a ƙasar waje don gabatar da laccar da ya shekara yana shiryawa. Da ya ɗaga tafiyar da kwana biyu, da ya halarci jana'izar. Sai ya aika da waya ta telgiram, ya hau jirgi. Da ya dawo ya tarar matar mamacin ta maido masa da takardar a cikin ambulan, ba ta rubuta ko harafi ba. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya tare shi da maganar. Zaɓe na zuwa ƙauyukan nan suka juya masa baya.

"Kujerar ba ta dame ni ba kamar yadda mutane ke zato," in ji shi. "Abin da ke damuna shi ne har yau ban taka ƙofar matar nan ba. Na ƙwanƙwasa ƙofofin da ba su ƙirguwa, wannan guda ɗaya ta gagare ni." Ya tura mini takardar. "To, me ka yanke?"

Na ɗauke ta na ninke na sa a aljihu. Na ce Baba ya ɓoye mini ciwonsa wata biyu don kada in bar karatun nan, ba zan mayar da wahalarsa ta banza ba. Sannan, ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli malami ba, na ji bakina ya ce, "Farfesa, ita ma ƙofar tana nan tana jira."

Sai ya ce in kawo babi na uku ranar Juma'a.

Na gama digirina. Shi kuma shekararsa ta cika ya koma gida. Bayan wata biyu na sami kati daga gare shi, layi uku kacal. Ya ce ya je ƙofar matar nan. Ta bar shi a tsaye cikin yayyafi har ya fara tunanin juyawa, sannan ta matsa gefe ta ce ya shigo, ta ɗora ruwan shayi.

Bai sake tsayawa zaɓe ba, a aji ya ƙarasa rayuwarsa. Shekaru da yawa bayan haka, ina koyarwa a gida, 'yarsa ta rubuto mini cewa ya rasu. Na zauna na ɗauki alƙalami zan rubuta mata ta'aziyya, har na sa kwanan wata, sai na ajiye. Ya ɗauke ni wata biyar kafin in sami biza da hutu, amma na je. Na sauka a wani ƙauye mai duwatsu da ruwan sama, na yi tambaya aka nuna mini gidan, na ƙwanƙwasa. Matarsa, wata tsohuwa, ta buɗe, na kama hannunta da hannu biyu na faɗa mata 'yar maganar nan tasu. Ta ce ai da na rubuto ma ya isa, tafiyar ta yi nisa. Na ce mijinta ne ya hana ni.

Tun ina yaro nake jin ana cewa zumunta a ƙafa take, kuma zuwa da kai ya fi aike. A gidan tela aka haife ni, wanda ya rayu a kan wannan magana, amma sai da na haye teku wani Bature mai kwalbar wuski ya karantar da ni ita. Yau na tsufa, gwiwoyina sun zama irin nasa. Duk da haka in aka ce an yi rasuwa, 'ya'yana sun daina ce mini in buga waya kawai. Rufe littafin nake yi, in nemi takalmina.